Injin Yaya Illa da Ruwan Shuka

A wannan watan yayana Illa ya cika shekara bakwai da rasuwa. Abin da muka saba yi duk shekara ɗaya ne: a yi masa addu'a a zauren gidanmu na Filinge, a raba sadaka, kowa ya kama gabansa. Bana na ce sai na rubuta, domin akwai maganar da ke cina a kan yadda muke girmama mamatanmu, kuma ba ni da misalin da ya fi nasa kusa da ni.

Ga wanda bai san shi ba, Illa shi ne mai kula da na'urori a ƙaramin gidan rediyon al'umma na garinmu, inda ni ma nake gabatar da shirin manoma tun da na bar aikin koyarwa. Dogo ne, ba ya son surutu, ga taurin kai irin na gidanmu. Babu abin da ya fi ba shi haushi kamar labarin ruwan sama a bakin mutumin yankinmu na Kurfai. Ka buga waya ƙauye ka tambaya ko an yi ruwa, ko da yayyafi aka yi wanda bai jiƙa bayan akuya ba, sai a ce maka, "Wallahi mun sha ruwa, sai godiya." Mai faɗin haka ba ƙarya yake nufi ba. A wurinmu raina ruwa butulci ne ga Wanda ya saukar da shi, kuma ba mai son a ce garinsu aka tsallake. To amma mai gona nesa, wanda zai ɗora iri a amalanke ya yi tafiyar yini saboda wannan godiyar, shi ke kwana a ciki. Ya shuka bisa danshin da bai kai ko'ina ba, gero ya tsiro, rana ta ƙone shi, iri ya tafi.

Wannan ne ya sa Illa ya zaƙulo wasu ma'aunan ruwan sama da wani shirin tallafi ya bari a sito. Ya gyara su, ya kafa a ƙauyuka daga wajen Bonkuku har hanyar Sanam. Kowane ma'auni yana aiko da saƙo ta layin waya idan ruwa ya sauka. A gidan rediyo akwai 'yan na'urori biyu masu karɓar saƙonnin, da ma'aunin da ke kan rufinmu, da na'urar batirin sola. Dukkansu tsofaffin yayi ne, da filogi mai ƙananan haƙora tara suke aiki, ita kuwa kwamfuta ba ta da irin wannan baki, sai na USB. Sai ya samo wani akwati ɗan kamar sandar sabulu mai baki huɗu, su huɗun suka shiga cikinsa, shi kuma ya shiga kwamfuta da waya ɗaya. Tsarin Linux ya sa wa kwamfutar, saboda kyauta ne, kuma a buɗe yake, kowa na iya duba cikinsa ya gyara. Daga nan shirinmu ya fara faɗin milimitar ruwan da ya sauka a kowane gari. Har tsofaffin da ke da tasu hanyar gargajiya ta roƙon ruwa sukan kasa kunne su ji abin da injin Illa ya ce.

Zazzaɓi ne na ɗan lokaci ya ɗauke shi. Bayan an share makoki, kwamitin rediyo ya zauna, shugabanmu Baba Shekarau, dattijon da ke ƙaunar Illa kamar ɗan cikinsa, ya yanke hukunci: kada kowa ya taɓa injin marigayi. A bar shi yadda ya bar shi. Aka samo farin ƙyalle aka rufa wa kwamfutar, ana ɗagawa kawai a karanta lambobi a mayar. Ba a sabunta komai ba, ba a kwafi komai ba, ba a yarda wani ya koyi yadda aka haɗa ta ba. Na yi magana, na sake yi, aka ce baƙin ciki ne ke sa ni rashin kunya. Ni kuwa na san yayana. Da ya ga wannan ƙyallen da ya yaye shi ya share hannunsa da shi, domin mutumin da ke buɗe cikin inji ko lafiyarsa ƙalau, don kawai ya ga yadda yake, ba shi ake girmamawa da ƙyalle ba.

Injin ya yi mana kara, ya yi shekara uku yana aiki ba mai kula da shi. A bazarar shekara ta huɗu, lokacin zafin nan da ko kaza ke buɗe baki, faifan da ke ɗauke da komai na cikinsa ya mutu. Duk abin da Illa ya tsara ya tafi tare da shi.

Shekarar kuwa ba ta wasa ba ce. Daminar da ta gabata ba ta yi kyau ba, mutane da yawa sun ci har irin da suka ajiye. Ramatu, matar da Illa ya bari da yara, 'yan tiyoyin iri, wato kwanon awo kaɗan, suka rage mata, na shuka ɗaya tak. Gonarsu tana can arewa ta wajen Sanam, kusa da ɗaya daga cikin ma'aunan. Idan ta shuka bisa ruwan ƙarya, babu na biyu, kuma a shekarar ba gidan da za ta shiga ta roƙa. Ta zo ta same ni a tsakar gida ina tankaɗe, ta ce, "Hawa, an ce injin yayanki ya mutu. To ni wa za ya hwaɗa mini ranar da zan tahi gona?" Na ce, "Matarmu, ni zan hwaɗa miki." Na faɗa ne kawai, a lokacin ban san ta inda zan fara ba.

Kwamiti ya so a kwashe komai a kai Yamai, a jira wani masani da ya yi alkawarin dubawa idan ya samu sarari. Na san irin wannan sararin, sai an yi girbi yake samuwa. Na je gaban Baba Shekarau na durƙusa na ce ya ba ni mabuɗin ɗakin injin. Ya kalle ni ya ce, "Ɗiyata, abin ga ba rubutun allo na ba. In kin ɓata shi hwa?" Na ce, "Baba, mi ar rage da zan ɓata?" Sai ya laluba aljihu ya miƙo mini.

Ni ba masaniya ba ce. Abin da nake da shi shi ne shekarun da na yi ina zaune kusa da Illa, shi kuwa bai taɓa yi wa mutum abu ba idan yana iya sa shi ya yi da hannunsa. Da aka kawo sabon faifai daga Yamai a motar kasuwa, sa sabon Linux bai ba ni wuya ba. Na jona akwatin mai baki huɗu, fitilarsa ta kama, zuciyata ta yi fari. Amma kwamfutar ta ga an jona mata abu, ba ta san mene ne ba. Ba ta da direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa ta gane akwatin ta yi magana da shi, wadda masu boko a nan ke kira pilot.

Direban yana nan a intanet, amma ɗanye, a rubuce, kamar a ba ka hatsi a ce ka kai niƙa da kanka. Sai ka sa kwamfutarka ta harhaɗa shi daidai da zuciyar tsarinta, abin da ake kira kanel. Da safe nake tsayawa a kusurwar gidan rediyo inda rezo, wato sabis na waya, ya fi ƙarfi, in ɗaga waya sama ina sauko da fayilolin da ake bukata, ya yanke in sake. Da suka kammala na buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni, na ba ta umarnin harhaɗawa. Sai rubutu ya zubo, layi bisa layi, ƙarshensa ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ranar na yi kuka, ba na ɓoyewa, kukan haushi da kewa a haɗe. Na ji haushin kwamiti, na ji haushin Illa da ya mutu ya bar ni da wannan baƙin allo.

Da na share ido sai na tuna abin da yake faɗa mini idan na tsorata da irin wannan rubutu: "Karanta abin da tac ce. Ba zagin ki takai ba, hwaɗa miki takai inda ka mata ciwo." Na koma na bi layukan da yatsa kamar 'yar aji ɗaya. Ashe ƙorafinta ɗaya ne take maimaitawa: direban yana kiran wani abu da sabon kanel bai sani ba. An rubuta shi ne tun zamanin tsohon tsarin da Illa ya yi aiki da shi, duniya kuma ta yi gaba ta bar shi. Na kwafi ƙorafin na sa a wani dandalin masu amfani da Linux, da Faransancina na tsohuwar malamar firamare. Wani bawan Allah da ban san ƙasarsa ba, ban san addininsa ba, ya amsa mini cewa an canza wa abin suna, ya nuna mini wuraren da zan gyara. Na buɗe rubutun direban, na canza. Wannan karon ta harhaɗa har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Na loda shi, na duba, ga bakuna huɗu sun bayyana a jere.

Ban gama ba. Da farko kwamfutar ta hana ni shiga bakunan sai da na sa sunana cikin rukunin waɗanda aka yarda wa. Sannan duk lokacin da aka kashe ta aka kunna sai ta juya su, ta nemi saƙon ƙauye a bakin batiri. Sai da na ɗaure wa kowane baki sunansa na dindindin. Hadari kuwa ya riga ya fara taruwa a gabas, duk wanda na gamu da shi a hanya tambayarsa ɗaya ce: injin ya tashi?

Ruwan farko ya sauka wata safiya. Kafin hantsi waya ta karaɗe gari cewa arewa an sha ruwa, sai godiya. Ɗan ƙanen mahaifin Ramatu da kansa ya kira ta ya ce ƙasa ta jiƙu. Ni kuma ina gaban kwamfuta saƙonni suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, na ga ma'aunin wajen gonarsu ya nuna abin da bai kai a shuka ba. Na faɗa a rediyo, na kira sunan kowane gari da abin da ya samu, sannan na ɗauki mayafina na nufi gidanta. Na tarar an riga an ɗaura jaki, iri na bisa amalanke.

Ta ce, "Na ji ki. Amma hwaɗa mini gaskiya, injin Illa na yac ce haka, ko naki?"

Da na ce nasa ne, da ta sauke kayan nan take, na sani. Amma yayana bai kafa ma'aunan nan don a riƙa faɗa wa mutane abin da zai yi musu daɗi ba. Na ce, "Nashi ya mutu, Ramatu. Wanga ni nih haɗa shi. In na yi kure, kin yi asarar ruwan hwarko saboda ni." Ta kalli jakin, ta kalle ni. Sannan ta ce wa babban ɗanta ya sauke buhun ya kai ɗaka.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu nauyinsu ba. Rana ta buɗe, maƙwabtanta da suka tafi suna gona, ita tana zaune, ni kuma ina kauce wa ƙofar gidanta. Ban yi murna ba da labari ya zo cewa tsiron wasunsu ya ƙone, mutanenmu ne, tare muka sha wuyar shekarar. Da ruwa na gaske ya sauka, ma'aunin ya nuna shi, ni na je na ɗaura mata jakin da hannuna.

Ina yawan tambayar kaina abin da Illa zai ce da ya ga yau. Kowa da waya a hannu, kowa ya zama mai hasashen damina, saƙon murya na yawo daga Balayara zuwa Abala kafin hadari ya gama haɗuwa. Ina jin zai yi tsaki ya ce godiyar ce dai ta samu ƙafa. Zai yi dariya idan ya ji ƙanwarsa da yake tsokana da tsoron wayar wuta ta gyara rubutun direba. Kuma zai tambaye ni, domin haka yake, wa na koya wa.

To, Yaya, na koya wa mutum uku, har da Ramatu, wadda ta ce ba za ta sake tsayawa gaban jaki tana jiran bakin wani ba. A cikin kwamfutar nan yanzu babu harafi ɗaya da ka rubuta da hannunka, na yi baƙin cikin haka, kuma na daina. Abin da ya saura naka shi ne halin buɗe abu a duba cikinsa, da faɗa wa manomi gaskiyar ruwa ko ba ta yi daɗi ba. Shi ya sa duk bazara, kafin hadari ya taso, nake goge direban nan da gangan, in tashi daga kujera in ce wani ya zauna ya mayar da shi. Baba Shekarau yakan fita waje idan zan yi, ya ce zuciyarsa ba ta iya ɗauka. Bana Ramatu ce za ta zauna. Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Ranar da tawa ta zo, ba za a bar kowa da baƙin allo ba.