Abin da ke Ƙasan Jakar Mai Hoto

Tsaya-Cak ake ce masa, domin abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna kyamara. Ya haura shekara talatin yana ɗaukar hoto. Yana da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran agogo da mai wanki da guga, amma bai cika zama a ciki ba. Da safe ya zaga makarantu da ofisoshi inda ake neman ƙananan hotuna na cike takarda, da la'asar ya bi gidajen da aka kira shi. Duk inda ya sa ƙafa, baƙar jakarsa na rataye a kafaɗar hagu, ƙatuwa kamar ta matafiyi. Ko ya ajiye ta, a karkace yake tafiya.

Wata safiya ya zo kai kyamara ido, hannun ya ƙi wuce ƙirji. Likita ya latsa kafaɗar, ya dubi jakar da ke gefen kujera, ya ce, "Baba, in ka ci gaba da rataya wannan buhun, wata rana hannun nan zai daina ɗaguwa."

Da suka fito, Auta, ɗiyarsa da ta raka shi, ta ce, "Baba, ɗayan biyu. Ko ƙaramar jaka, ko in kulle kyamarar nan a akwatina, ka zauna kana yi mana gadin jikoki."

Ya san halinta, in ta faɗa sai ta yi. Shi kuwa bai iya komai ba sai hoto. A ransa ya riga ya yanke cewa babu ƙaramar jakar da za ta ɗauki kayansa: ga kyamara, ga gilasai uku da ake ɗaura mata a baki, gajere na fuska, mai faɗi na taro, dogo na nesa, ga fitila da batura. Ya ɗauka sana'ar ce ta zo ƙarshe.

Ranar Asabar ta ja shi shagon wata mata mai sayar da jakunkuna. Matar ta sauko da ɗaya mai buɗewa ta gefe, ya ce gilashi zai zame ya faɗi. Ta kawo ta goyo.

"Wannan kafin in sauke ta in buɗe, yaron da zan ɗauka ya yi gemu," in ji shi.

Ta uku ya ce ta yi kama da ta 'yan makaranta. Mai shagon ta riƙe ƙugu. "Baba mai hoto, ba a zaɓen jaka da ido. Zazzage min kayan nan a kan tebur mu gani."

Ya fara fiddawa ɗaya bayan ɗaya, yana shafa kowanne da tsumma. Duka-duka ba su cika faɗin faranti ba. Matar ta kama jakar za ta kawar da ita gefe, sai ta ji ta kamar ba a cire komai ba.

"Ikon Allah! Bulo ka jera a ciki?"

Auta ta zura hannu. Ambulan ne ɗauri-ɗauri, an ɗaure da roba, wasu har sun yi ja don daɗewa. Ta buɗe ɗaya, hotunan mutane ne.

"Na waɗanda ba su zo sun karɓa ba ne," ya ce a hankali. "Wani ya tashi daga unguwa, wani ya manta. Ni ba na rubuta suna, fuska nake riƙewa. In na bar su a shago, sai in gamu da mai shi a hanya hannuna wayam. Watan jiya ma na ba wani direba nasa, na tun yana da gashi."

"To ai rabin gari kake goyo," in ji mai shagon. Ta jawo sikeli ta ɗora kayan aikin, ta sauke, ta ɗora hotunan. Sun ninka kayan aikin sau biyu har da ɗoriya.

Tsaya-Cak ya nemi benci ya zauna. Ya daɗe yana kallon allurar sikelin, sannan ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Ashe ba sana'ar ce ta fi ƙarfina ba."

Daga nan zaɓe bai yi wuya ba. Ya ɗauki wata ƙarama ruwan toka mai buɗewa ta sama, cikinta an raba shi da soso, igiyarta mai faɗi tana ratsa ƙirji ta sauka a ƙugun hagu. Ya jera gilasan, ya rufe ido, ya zura hannu, domin a wurin aiki idonsa na kan mutane, yatsu ne ke nemo gilashi. Sau uku matar tana matsar da soson kafin dogon ya faɗo masa a hannu daidai. A bayan jakar akwai siririn aljihu. Ya dubi aljihun, ya dubi Auta.

"Hoto goma kawai, Baba," ta ce. "Kuma zan riƙa dubawa."

Sauran ta manna su a katako a ƙofar shagonsa, suna fuskantar titi, mai shi ya gane kansa.

Ranar Litinin ya ɗauki aji biyu a wata makaranta. A hanyar dawowa, ya kusa shago sai ya ji jikinsa sakayau, ya ɗauka lallai ya baro kayan a can. Har ya juya da sauri, gwiwar hannunsa ta bugi jakar a ƙugunsa. Ya tsaya a tsakiyar hanya yana dariya shi kaɗai, sai da mai keke ya buga masa ƙararrawa ya matsa.