Motar Da Na Ajiye A Gummi

Lokacin da abin ga ya faru, ni ɗan kabu-kabu ne a wani ƙauye can gefen Adabka. Makaranta na yi ta rabi da rabi, na iya karanta saƙon waya, sauran na bar wa masu rabo. Amma baki kam Allah ya ba ni, har muryar liman nake kwaikwayo in ba ya kusa. Shi ya sa da kakar zaɓe ta zo, yaran wani ɗan takara sunka ɗaura mani lasifika a bayan mashin, wai in zaga in gaya wa jama'a za a haƙa mana rijiyar burtsatse. Mu kuwa ruwa ne ciwonmu. Innata da ƙafarta mai ciwo take zuwa fadama ɗiba.

Mutane sun yarda, don ni ɗan gida ne. Sunka fito sunka dangwala, mutumin ya ci, daga nan ko hularsa ba mu sake gani ba. Sai tambaya ta dawo kaina. Wata ranar kasuwa dattawa sunka tsare ni, wai ina rijiya. Ni da ban iya cewa ban sani ba, sai bakina ya riga ni: na ce ai motar haƙan ta taso, tana Gummi, taya ce ta yi faci. Anka yi dariya, na sulale. Da anka sake tambaya na ce tana nan Gummi, direban ke zazzaɓi. Kafin damina ta fita maganar ta fi ƙarfina. Mace ta tambayi miji cefane, ya ce yana Gummi. Taki, gyaran hanya, maganin asibiti, duk Gummi anka kai su. Ni kuma har kumbura nake, wai na ƙirƙiro magana.

Da wani zaɓen ya zagayo, dattawa sunka matsa wa kawuna, ƙanen Inna, ya fito kansila. Mutum ne da in ya ce zai zo, ko ƙanƙara ake yi sai ya zo. Bai yi alkawarin komai ba, cewa kawai ya yi zai bi maganar ruwa ofis-ofis. Na ɗauko lasifikata da murna. Ina fara shela samari sunka amsa da baki ɗaya, wai shi ma Kawu yana Gummi. Na tsaya tsakiyar kasuwa na rantse cewa ba wata mota, ni na ƙaga ta, amma wanga karo gaskiya nake faɗi. Sai sunka ƙara fashewa da dariya, wani har ya saya mani shayi, wai na fito da sabon salo. In na yi shiru a ce na san ƙarya ce, in na buɗe baki a ce an kunna rediyo. Ƙarshe Kawu da kansa ya kira ni zaure, ya ce ɗan nan, in ina ƙaunarsa in kwance lasifikar, in kuma bakin ya ƙi zama, to in je in yabi abokin takararsa.

Ranar zaɓe na ce zan kai tsofaffi rumfa kyauta. Wata gwaggo maƙwabciyarmu ta ce in rufa mata asiri, ta ɓata yatsanta da tawada sau ɗaya ya isa, ita roron gyaɗa za ta. Magidanta sunka tafi gona, samari sunka tafi ramin zinare. Rumfa fayau, daga malaman zaɓe sai awaki. Da anka faɗi sakamako, ƙuri'u sun fi mutanen da na gani a layi nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya yi gardama, don ba wanda ya tsaya gadi. Kawu ya faɗi.

Yanzu ba inda zan je. A gari ba a jin maganata, in na bar gari ba mai kawo wa Inna ruwa, don haka kullum ni da jarkoki ne a bayan mashin. Abin da na gane shi ne, in mutane sunka daina yarda, ba maƙaryaci kaɗai suke toshe wa kunne ba, har mai gaskiya, kuma rumfar da anka bari fayau akwai masu cika ta. 'Yan'uwana masu baki irin nawa, kar ku ara wa baƙo bakinku, shi mota zai shiga ya tafi, ku ne za ku kwana a gari. Kawu har yau yana amsa gaisuwata da fara'a. Amma tun daga ranar, ko ƙarfe nawa ne ba ya tambayata.