Ranar da na shiga mashaya neman abokan mijina

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Kafanchan, babu addu'ar da na fi yi kamar Allah ya raba mijina da abokansa. Ba mugayen mutane ba ne. Ma'aikatan gwamnati ne kamarsa, biyu ma malaman makaranta ne. Amma duk Asabar da yamma sai su cika gindin mangwaronmu da kwalaben giya, ni kuma ina kicin ina buga tukwane don su san raina a ɓace yake. A Zumuntar Mata ta cocinmu har an haddace roƙona, kafin in buɗe baki an san abin da zan ce.

An amsa addu'ar, amma ba ta hanyar da na zata ba. Mijina ya kwanta asibiti sati biyu. Likita ya ce hantarsa ta gaji, in ya ƙara sha, to ya yi sallama da iyalinsa. Ya daina. Abokan suka zo duba shi sau ɗaya, sau biyu, daga nan suka koma wata mashaya a hanyar Kagoro. Ba ƙinsa suka yi ba. Kunya suke ji su sha a gabansa, kuma ba su san yadda za su zauna da shi babu kwalba a tsakani ba.

Ni kuwa har shaida na bayar a coci, da rawata. Sai a hankali na lura mutumin nan yana shanyewa. Ran Asabar zai fito da kujeru kamar yadda ya saba, ya zauna shi kaɗai da rediyo. Wata rana ya sa takalmi ya ce zai je aski, alhali shekaranjiya aka yi masa. Bai daɗe ba ya dawo, ya tsaya a ƙofar kicin.

"Maman yara, na kai har mararrabar hanyar Kagoro na juyo," in ji shi. "Yau na juyo. Na sati mai zuwa ban sani ba."

A nan na gane ba giyar kawai yake kewa ba.

Akwai wata leda ta ɗanyen 'ya'yan gahawa da ƙanwata ta kawo mini daga Jos, na jefa ta saman kabad na manta. Na kira ta, ta yi mini bayanin yadda ake soyawa a busasshen kasko. Gwajin farko na ƙona shi ƙurmus, hayaƙi ya sa maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Na biyu ya yi. Na daka a turmin da nake dakan citta, don ba ni da wani, sai ƙamshin citta ya shiga ciki. Mijina ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya sake kurɓa.

Ran Alhamis da aka tashi makaranta na hau okada zuwa mashayar nan, da jakar littattafan yara a hannuna. Ina shiga, manyan mutane masu furfura suka fara tura kwalabe ƙarƙashin tebur kamar 'yan aji uku. Na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Na ce na san na sha ɗaure musu fuska, su yi haƙuri, amma abokinsu yana bukatarsu, kuma ran Asabar ƙarfe huɗu akwai gahawa a gidana. Ɗayansu ya tambaya ko gahawar tana da ɗan abu a ciki. Na ce tana da citta. Suka yi dariya, ni ma na yi, amma ban tafi ba sai da kowa ya amsa da bakinsa.

Mutum huɗu suka zo. Da gangan na fito da murhun gawayi tsakar gida, na yi suyar a gabansu. Abin yana cin lokaci, kuma lokacin nake so. Kafin ruwa ya tafasa, wani ya karɓi taɓarya ya ce ban iya daka ba, wani ya fara gardamar ƙwallo. Na kawo dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Suka ce abin da ɗaci, suka zuba sukari kamar za su yi kunu, amma babu wanda ya bar komai a kofinsa. Ina wanke-wanke na ji dariyar mijina, irin wadda rabona da ita tun kafin asibiti.

A Asabar ta huɗu yayan mijina ya zo daga Fadan Kagoma. Manomin citta ne, shi ya riƙe mijina a makaranta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma a gidanmu ba a musa masa. Ya karɓi kofinsa, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu zai tsiyaya a ciki. Na ga idon mijina a kan kwalbar.

Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, gidan nan naka ne, komai ka ce a yi za a yi. Amma wannan kam ba za a buɗe ta a nan ba."

"Matanmu, ni kake hana?" Hausarsa ke nan, kowa "ka" ne a wurinsa.

Na ce e, shi nake hanawa, saboda ƙanensa da ya sha wahala a kansa. Ya mayar da kwalbar aljihu, ya ajiye kofin, ya hau babur ɗinsa ko sallama babu. Na ɗauki buta na ci gaba da zuba wa sauran. Washegari bayan sujada a coci, mijina ya ce mini in da shi ne da ba zai iya ba.

Wata biyu yayan bai tako gidanmu ba. Dangi suka yi ta cewa in je in ba da haƙuri. Na je na gaishe shi har gona, amma ban janye maganata ba. Ran nan sai ga shi da ƙullin busasshiyar citta, ya ce tawa ta kasuwa ce, ba ta da ƙarfi, in riƙa sa wannan. Bai daina shansa ba har yau, amma bai sake shigo mana da ita ba.

Mijina yana nan lafiya, ya yi ritaya, shi ne ma yake suyar yanzu. Abin da na koya shi ne, raba mutum da abin da ke cutar da shi rabin aiki ne, sai ka duba me kuma ya tafi tare da abin. Na yi shekaru ina ganin mutanen nan su ne matsalata, ashe da su za a yi maganin.

Wani abu kuma da ban taɓa faɗa musu ba: ni gahawar nan ba ta yi mini ba ko kaɗan. Kofin da suke gani a hannuna duk Asabar, baƙin shayi ne.