Dattijo da Kumburarren Batiri

Ina zaune a shagon mai gyaran rediyo, sai ga wani dattijo, gemu fari fat, riga ta sha guga, ya rungumo motar wasa mai rimot kamar jariri. Yadda yake goge mata ƙura da hannun riga, ba ta jikansa ba ce, tasa ce. Ina jin tun yana yaro yake sha'awarta, sai da furfura ta fito ya samu.

Ya zaro batirin motar daga aljihun ƙirji. Batirin ya kumbura suntum kamar burodi, shi kuwa sai latsa shi yake da babban yatsa, yana murmushi.

"Ɗana, ara mini allura in huda shi, iskar ta fita."

Mai gyara ya miƙe zumbur, har kujera ta kife. "Baba, rufa mana asiri! Ka huda wannan, wuta ce za ta tashi!"

Ya lallaɓa ya karɓa, ya kai waje, ya binne a bokitin yashi. Ya dawo yana yi wa dattijon gargaɗi.

"Ba a cajin irinsa sai kana wurin, Baba, kuma a kan siminti."

Murmushin dattijon ya ɗauke. "Na bar ɗaya a caji, ƙarƙashin filo, don kar mai ɗakina ta gani ta yi mini dariya. Tana ciki, tana barcin rana."

Motar tana nan a kan tebur. Shi kuwa ya riga ya sha kwana, da takalmi ƙafa ɗaya.