Baba Garba Badarawa ya cika casa'in

Da safen nan ƙanwata ta kira ni daga Ƙaura, ta ce, "Kin ji labarin Baba Garba?" Nan take na fara salati. Ashe ba rasuwa ba ce. Wai yau ya cika shekara casa'in, jikokinsa sun haɗa masa walima.

Casa'in fa! To wa ya lissafa? Shi dai na san bai taɓa damuwa da wani bazday ba.

Ga wanda bai san shi ba, maƙwabcinmu ne a Badarawa. Ba sarauta gare shi ba, ba kuma albashi. Amma in an yi rasuwa shi ke fara isa maƙabarta da diga. In mota ta bar baƙo ranar kasuwar Shinkafi, zaurensa za a nuna masa. Ni kaina ya taɓa goya ni a keke zuwa asibiti da kunama ta harbe ni, yana ta ba ni labarin kura don in bar kuka.

Akwai abin da na daɗe ina son sani game da shi.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, babanmu Mamman da ƙanensa Baffa Sule suka saɓa kan wata ɗorawa da ke iyakar gonakinsu na gado. Ko gaisuwa suka daina. Kowa ya ce a shirye yake ya dafa Alƙur'ani gaban alƙali. Ga bikina ya matso, kuma Baffa ne waliyyina. Innarmu ko abinci ta kasa ci.

Ana gobe za su kotu, Baba Garba ya zo bayan la'asar ya tafi da su gona. Ya dawo shi kaɗai. Dab da magariba sai ga su biyun a amalanke ɗaya, idon Baffa ja wur.

Ba a je kotu ba. Baffa ne ya ba da aurena.

Me ya faɗa musu? Har babanmu ya koma ga Allah bai gaya mana ba.

Bayan sallar layya na je gaida Baba Garba a Ƙaura, inda yake zaune wurin ɗansa tun da rashin tsaro ya taso su daga gida. Idonsa ya yi rauni, amma da na yi sallama ya ce, "Ɗiyar Mamman ce?" Na daure na tambaye shi.

Ya yi dariya. "Wanga abu ad damunki? Ban yi musu wa'azi ba. Cewa na yi kowa shi nuna mini inda mahaifiyarsu ka zama in ta kawo musu hura suna yara. Su biyu sunka nuna gindin ɗorawar. Sai na ɗauki takalmina na bar su nan."

Shi ke nan fa.

Da zan tafi ya tambaye ni ko an yi shuka bana a Badarawa.

Allah Ka ƙara wa Baba lafiya, Ka sa aikinsa a mizani, Ka nuna masa ranar da zai koma zaurensa cikin aminci. Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a yau, tun yana raye.