Mutumin Ƙarfen da Idi Ya Bari

Shekara talatin ke nan da rasuwar ƙanena Idi. Ranar rabon gadonsa a Gangara mu biyar ne a tsakar gida: liman, wanmu Mamman, Rabi matar mamacin, Sale mai yawo da tutar jam'iyya, da ni. Na shida yana gindin rumbu, mutumin ƙarfe ne.

Idi maƙeri ne ɗan maƙeri. Ya je Yamai yana haɗa wa ƴan wasan kwaikwayo kayan dandali, ya dawo yana tara tsofaffin hauyoyi da sarƙar keke yana ƙera mutane. Wannan ɗin a durƙushe yake, tafuka sama, ba fuska, ƙirji rami. Ban yi lakol ba, ban san boko ba, na tambayi Idi wane ne wannan. Ya ce, "Yaya, ni da ke ne, muna tambayar Allah abin da ya kawo mu, muna jiran amsa." Kuma ban taɓa ganin sahun salla ya wuce Idi ba.

Liman ya ce siffar mutum ce, ba ta shiga gado. Ban ji haushinsa ba, abin da ya karanta ya faɗa. Mamman ne ya tayar mini da zuciya. Shekaru ba ya cin tuwon gidan nan, wai akwai gunki. Amma lokacin ne jam'iyyu suka ɓarke, kowa na neman kujera. Sale ya matso wurin Mamman ya ce, "Baba, mu shafa mishi fentinmu, mu ɗora a mota ranar taro, mu ce talaka ne ke roƙon canji."

Mamman ya yi dariya har da tafi, ya ce gobe a zo a ɗauka. Rabi na takaba, ko kai ba ta ɗaga ba. Tir!

Yau kowane bango daga nan har Gazawa fuskokin ƴan takara ne, suna washe haƙora, ba mai cewa gunki. Da Idi zai leƙo, na san komawa zai yi ga zugazugansa. Maƙerarsa ma an mai da ta wurin sayar da mai a kwalba. Abin da ya rage nasa shi ne mutumin nan, ya yi tsatsa, hannuwansa ba su sauka ba.

Don washegarin rabon gadon nan, ina idar da sallar asuba na ɗaura wa jaki amalanke. Ni da Rabi muka ciccibe shi, na kai shi gonata, na aza bisa suri, na sa mishi tsohuwar rigar Idi da malafa. Hantsi ya yi sai ga Mamman da Sale a gonar da gwangwanin fenti.

Mamman ya ce, "Hajo, ina gunkin?"

"Wane gunki? Mutum-mutumi gare ni, tsuntsaye na cinye mini gero. Je ka tambayi liman ko ya taɓa hana mutum-mutumi."

Na ɗauki hauyata na shiga kunyar gero ina noma.