Mutumin da Ba Ya Yarda da Sitika

Shekara goma sha tara muka yi a ɗaki ɗaya ni da shi, a siton kwalejinmu, ɗakin da fankarsa ta fi ba da ƙara a kan iska. Ni ce mai riƙe da makullai, shi kuma mai duba duk kwamfutar da aka sayo kafin a karɓa. Kowa Sai-Na-Gani yake ce masa, har shugaban kwaleji. Ni dai Yaya nake kiransa, shi kuma ya ce mini ƙanwata.

Sunan ya samo asali ne daga aikinsa. Ɗan kwangila zai kawo kaya yana zuba, wai sababbi ne fil, ga sitika a jiki, ga takarda. Yaya sai ya ce, "To, sai na gani." Ya soka filashinsa, 'yar ma'ajiyar bayanan nan, ya kunna kwamfutar, ya buɗe baƙin allon nan da ba hoto ba komai, ya buga wani umarni mai haruffa biyar. Nan take rubutu zai zubo, ya tona asirin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi: sunanta, gudunta, da sassa nawa ne a cikinta. Ko guda ɗari aka kawo, ɗaya bayan ɗaya zai bi su. Haushi yake ba ni wallahi, don sai an tashi aiki ina tsaye da makulli a hannu.

"Yaya, don Allah duba biyar ka sa hannu mana!"

"Ƙanwata, sitika kowa ya iya liƙawa. Ko ke in na manna miki a goshi sai ki zama sabuwa."

Da wannan taurin kan ya mayar da kaya sun fi a ƙirga. Bai ajiye mota ba, bai gina komai ba, sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka.

Ni na fara lura da idonsa. Ya ƙara girman rubutun allo, ya sake ƙarawa, har layi ɗaya ya koma cika fuskar kwamfuta. Wata rana na shigo na tarar hancinsa na gogar gilashin. Ya ji motsina, bai juyo ba.

"Rufe ƙofa," ya ce. "Zo ki karanta mini layin nan. Kuma ki rufa mini asiri, saura shekara uku in yi ritaya."

Haka muka koma yi. Yatsunsa su buga, don su ba su manta ba, ni in karanta a hankali kamar mai raɗa, shi ya yanke hukunci. Shekara biyu ba wanda ya gane.

Sai ranar da 'yata ta tashi haihuwa, na yi kwana uku a asibiti. A kwanakin aka kawo kwamfutoci talatin na ɗakin jarrabawa, kuma ana gaggawa. Daga baya ya gaya mini yadda aka yi. Ya buga umarnin a kowace ɗaya, duka talatin, ya zauna yana kallon hazo fari a kan baƙi, ɗan kwangila na tsaye a kansa. Kunya ta hana shi cewa a karanta masa. Sai ya shafa sitikar da babban yatsa, ya ji ta sumul, ya sa hannu. Kai, Yaya! Da ka kira ni a waya mana!

Ba a yi wata biyu ba suka fara tsayawa ana tsakiyar jarrabawa. Da aka bincika, tsofaffin ƙwaƙwale ne a cikin sabon gida. Magana ta zaga kwaleji cewa ashe shi ma Sai-Na-Gani yana karɓar na goro, dama munafunci ne. Aka kafa kwamiti.

Na ce masa zan ce ni na ruɗe shi da takardu. Ya ce in na kuskura, ba ni ba shi.

Ina wurin ranar zaman. Shugaban kwamiti ya tambaye shi ko ya duba kayan, ya ce ya buga umarni a kan kowace ɗaya. Aka ce to ta yaya bai ga abin da yaro ma zai gani ba? Yaya ya nemi a kawo ɗaya daga cikinsu. Ya lalubi madannai, ya buga haruffansa biyar, rubutu ya zubo. Ya juya musu allon.

"Ranka ya daɗe, ga gaskiyar nan a rubuce, na san tana nan. Wani ya karanta mini. Ni shekara biyu ke nan ba na ganinta."

Ni kuwa kuka ya ƙwace mini, ban ma san na tashi na fita ba. A satin aka sallame shi, wai saboda rashin lafiya.

Ina zuwa gaishe shi duk ƙarshen wata. Tsohuwar kwamfutarsa na kan tebur a falo, matarsa ta lulluɓe ta da mayafi. Wani lokacin ya sa a kunna, ya buga umarnin, in karanta masa da ƙarfi tunda yanzu ba abin ɓoyewa. Ya san kowane layi, yana riga ni faɗa.

Zuwana na ƙarshe, na gama karantawa ke nan ya riƙo gefen mayafina.

"Ƙanwata, tsakaninki da Allah, sun daina cewa na karɓa?"

A safiyar ranar ma na ji masinjoji biyu suna maganar a bakin sito, suna dariya, wai makantar ma dabara ce. Na dubi idanunsa, suna kallon gefen kafaɗata.

"Sun daina, Yaya," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya saki mayafin. Karo na biyu ke nan a rayuwarsa da ya karɓi abu bai duba ba, kuma ni na miƙa masa.